Neman shawara: emuleta mai gudu ko mai daidai? Ni da ƙanena mun kasa shiryawa

Mai Caji, Badariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon cajin waya a Badariya, nan Birnin Kebbi. Kwanakin baya na sayi tsohuwar laftof a hannun wani ɗalibi da ya gama karatu, Core i3 ce tsohon yayi, RAM ɗinta 4GB, batirin ko minti 40 ba ya kaiwa. Don lissafin shago na saye ta, sai ƙanena ya zuba mini emuleta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi na'urorin gem na da, irin su Sega da Super Nintendo da PS1. Tun daga ranar, ana idar da Isha'i bencin ƙofar shagona ke cika da yaran gidanmu da na maƙwabta. Ba kuɗi nake karɓa ba, ni ma ƙuruciyata nake tunawa.

Ga inda gizo ke saƙar. Na Super Nintendo guda biyu ne a ciki. Akwai ZSNES, wadda wani abokina ya kwafo mini daga tsohon filash ɗinsa. Ita gudu take kamar ruwa, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Sai bsnes, wadda ƙanena ya sa, ya ce ita ce ta gaskiya, waccan jabu ce. To ta gaskiyar, in na kunna Street Fighter II da rana, minti goma na farko lafiya lau, daga nan sai sauti ya fara ƙara kamar ana suyar gyaɗa, 'yan damben kuma su riƙa motsi kamar masu tafiya cikin laka. Ƙanena ya ce in yi haƙuri da hakan, wai ya fi in buga abin da ba shi ne asali ba. Ni kuwa idona bai ga wani bambanci ba in ban da wannan jan ƙafar. Masana, wacce zan riƙe? Kuɗin sabuwar kwamfuta dai babu, kada ma wani ya fara.

Ɗan Gesse:
Yaya, goge mai nauyin kawai. Gem don nishaɗi ake yi, ba jarabawa ba ce.

Malamin Kwamfuta, Gusau:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Caji, ƙaninka na da gaskiya rabi, Ɗan Gesse ma rabi.

Ka san lugude? Mata uku a kan turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ba mai karo da wata. Haka cikin Super Nintendo yake. Akwai babbar ƙwaƙwalwa da gudunta bai wuce 3.58MHz ba, akwai masu zana hoto, akwai ta sauti da Sony ya ƙera, kowacce na aikinta a lokaci guda, suna miƙa wa juna saƙo. Emuleta mai gaggawa sai ta ce wannan ta yi dakanta ɗari a jere, sannan waccan ta zo ta yi nata ɗari. Hatsi zai daku, kuma a yawancin gem ba za ka gane ba. Mai bin ƙa'ida kuwa sai ta tsaya ta daidaita kowace saukar taɓarya, sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Wannan tsayawar ce ke cin ƙarfi. Shi ya sa a 2011 wanda ya rubuta bsnes, Near, da aka fi sani da byuu a lokacin, ya yi bayanin cewa sai da kwamfuta mai kusan 3GHz ake iya kwaikwayon wannan 'yar na'ura ta 1990 yadda ya kamata. ZSNES kuwa tun 1997 ta fito, an gina ta ne don kwamfutocin wancan zamani, dole ta yi ta yanke hanya.

Amma ga abin da ƙaninka ya tsallake. Gudun gem shi ma yana cikin daidai. Na'urar asali hoto 60 take fitarwa a daƙiƙa. In bsnes na ba ka 45 a laftof ɗinka, to abin da kake bugawa ya fi na ZSNES nisa da asali, komai ingancin lissafin da ke ciki. Don haka ka nemi wadda ta fi inganci a cikin waɗanda laftof ɗinka ke iya ja da cikakken gudu, ba tsinkewa. A ganina wannan ita ce Snes9x. Ba ta da nauyi, ana ci gaba da gyara ta, kuma kusan duk gem ɗin da yaranka za su nema za ta buga shi lafiya.

ZSNES kuma ka rabu da ita, ba don gorin ƙaninka ba. Tun 2007 rabon da a sabunta ta, kuma an gano wata ɓaraka a cikinta wadda fayil ɗin gem da aka yi wa mugun gyara zai iya bi ya kunna wani abu a kwamfutarka. Kai da lissafin shagonka ke ciki, kuma filash ɗin mutane ke shiga da fita, bai kamata ba.

Mai Gyara, Jega:
Ni abin da ya ja hankalina shi ne ka ce minti goma na farko lafiya, kuma da rana. Oga, wannan ba laifin emuleta kaɗai ba ne, zafi ne. Ƙwaƙwalwar laftof in ta ji wuta da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ga zafin Kebbi da ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, ga rufin kwano. Jiya-jiyan nan na buɗe wata, na ciro ƙura a bakin fankarta curi guda kamar audugar katifa, tun ta hunturu. Ka kai a buɗe a share, a sa sabon man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar. Kada ka ɗora ta a kan darduma ko cinya, ka sa murfin kwalba huɗu a ƙarƙashinta iska ta ratsa. Sannan in a batir take, Windows na rage mata ƙarfi don tattali, sai ka jona caja ka canja saitin wuta zuwa mai cikakken ƙarfi. Mai sayar da caji ai bai kamata ya bar tasa da yunwa ba.

Ƙanin Mai Caji:
Tunda Yaya ya kawo ƙarata gaban jama'a, bari in kare kaina. Ya ce idonsa bai ga bambanci ba. To akwai gem ɗin jirgin yaƙi, Air Strike Patrol. A na'urar asali jirgin na da inuwa a ƙasa, da ita kake auna inda bam zai sauka. A tsofaffin emuleta irin ZSNES inuwar ba ta fitowa sam, sai dai ka yi ta jifa a duhu. Akwai kuma Speedy Gonzales, wanda can wajen mataki na 6 kana taɓa wani makunni gem ɗin ke sandarewa, saboda wani ɗan ƙaramin hali na na'urar da ba a kwaikwaya ba. Ka yi kwanaki kana wahala, ka zo kusa da ƙarshe abu ya tsaya. Kuma waɗannan kaset ɗin lalacewa suke, na'urorin ma mutuwa suke. In ba a samu masu tsayawa kan daidai ba, nan gaba ba wanda zai san yadda abin yake tun asali.

Malamin Kwamfuta, Gusau:
Duk abin da ka faɗa haka yake, ƙanena, kuma da aikin irin su bsnes ne sauran suka gyara kurakuransu. Amma ajiye tarihi daban, yaran Badariya da ke jiran layi su buga dambe daban. A bar bsnes ɗin a gefe, ranar da wani gem ya yi gardama sai a ɗauko ta. In sabuwar ce ma, ka duba saitinta, akwai zaɓin zana hoto da sauri, ka tabbatar a kunne yake.

Kawu na Argungu:
Ɗiyana, ni tambaya guda gare ni. Kuna ta faɗin daidai, daidai. Daidai da mi?

Sega da munka buga nan Argungu, gidan wani maƙwabcinmu da wansa ya aiko mai da ita daga Ingila, ta Turai ce. Shekarun baya ɗana ya sa mini Sonic ga waya, ina kamawa na ce mai wanga abu ya ɓaci, gudu ya yi yawa, kiɗin ma kamar ana korar makaɗin. Munka yi ta gardama. Ashe da saitin Amurka ya sa mini shi. Talabijin ɗin Amurka da Japan hoto 60 suke bugawa, na Turai da irin namu na Najeriya 50, kuma Sonic na farko ba a gyara shi don wanga bambanci ba, sai na Turai ya zan shina tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗin. Da ya mayar mini da saitin emuleta zuwa na Turai, ina jin kiɗin farko sai ga ni zaune bisa tabarma, ƙafa duk ƙurar makaranta, muna jiran a ba mu fad, wato abin dannawa na buga gem. To wanne na daidai? Wanda masu shi sunka nufa, ko wanda kunnena ya sani?

Balle waccan mai kaset rawaya da aka rubuta gem dubu tara da ɗoriya ga bayanta, ka kunna ka iske Mario da Contra da harbin agwagwa suna ta maimaita kansu. Ita kanta kwaikwayon Nintendo ce, kuma ba wanda ya hana mu jin daɗinta.

Ɗan Gesse:
Kawu ya kashe baki. Harbin agwagwar nan ma na nemi bindigarsa na samu, ta ƙi aiki a fulasma.

Mai Gyara, Jega:
Ba za ta yi ba. Bindigar hasken tsohuwar talabijin mai ƙaton baya take karantawa a daidai lokacin da ka danna, fulasma kuwa tana ɗan jinkiri kafin ta nuna hoto.

Maman Biyu, Rafin Atiku:
Wannan jinkirin ma shi nake son in yi magana a kai, don ni nan na fi jin bambanci, ba a inuwar jirgi ba. Da yayyena maza na tashi, Mario a hannuna yake. Da na fara bugawa a kwamfutar maigidana da aka jona da talabijin, sai na riƙa faɗawa ramin da a da ido rufe nake tsallake shi. Na ɗauka tsufa ne. Ashe tsakanin danna maɓalli da tsallen akwai 'yar tazara. Abin da ya gyara mini: na sa talabijin a saitin gem, na ajiye fad mara waya na koma mai waya. Sannan a RetroArch, manhajar da ke haɗa emuleta iri-iri wuri guda, akwai wani saiti da ke lissafa hoto ɗaya ko biyu gaba don ya cinye jinkirin. Sai dai yana ninka wa kwamfuta aiki, don haka da emuleta mara nauyi yake tafiya a ƙaramar na'ura. Ka ga nan sauƙin nauyin ne ma ya kusantar da kai ga yadda hannu ya saba.

Kuma don Allah kafin ka goge komai, ka kula da ajiyar yaran. Ajiyar nan-take da emuleta ke yi, wadda kake danna maɓalli ta riƙe maka daidai inda kake, ba ta buɗuwa a wata emuleta. Ka shiga kowane gem ka yi ajiya ta cikin gem ɗin kansa, ita ce ake iya ɗauka a kai wata. Ni na yi wannan kuskuren, 'yan biyuna sun kwana biyu ba sa gaishe ni da fara'a.

Mai Caji, Badariya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya, da yau na jawo wa kaina tawaye. To PS1 fa, Malam? Winning Eleven nake so, in ɗauki Najeriya in ba Tijjani Babangida ƙwallo a gefe, yaran nan su ga abin da ake kira gudu. Kuma ƙanena na ta zancen PS2.

Malamin Kwamfuta, Gusau:
Gwada DuckStation, amma ka bar girman hoton a yadda yake na asali. Yawancin masu kukan nauyi sun ninka shi sau huɗu ko biyar ne don ya yi kyau a babban allo, alhali yawancin gem ɗin PS1 a wajen 320 da 240 aka yi su. Za ka ga layin fili da bango suna ɗan rawa in kyamara ta juya. Ba matsala ba ce, haka na'urar take tun 1994. Akwai saitin da ke hana rawar, sai dai ka sani wannan kwalliya ce, kuma wani lokaci yana ɓata hoto a wasu gem. Na Sega kuma Genesis Plus GX ta ishe ka, ga inganci ga sauƙi, a nan ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. PS2 kam, a wannan laftof, ka ba ƙaninka haƙuri. Ko ta buɗe, da tsallake hotuna za ta ja, ka buga ƙwallo ba ka ga lokacin da ta bar ƙafarka ba.

Mai Caji, Badariya:
Na dawo da rahoto bayan kwana uku. Na kai an share fanka, abin da aka ciro ba ya faɗuwa. Na sa murafen kwalba, na jona caja. Snes9x na tafiya sumul, mun yi awa biyu jiya ba suyar gyaɗa. Abin mamaki, bayan sharar bsnes ɗin ma ta daina tsinkewa da dare, da rana ne kawai take ɗan shaƙewa, don haka ƙanena ya ce shi ya ci gardama, ni ma na ce ni na ci. ZSNES na goge ta, bayan na kwashe ajiyar yara kamar yadda Hajiya ta ce.

Saura rigima ɗaya. Na sa Sonic a saitin Turai don in ji abin da Kawu ya ji, kuma wallahi shi ne wanda na sani. Yaran kuwa sun ce wannan Sonic ɗin azumi yake yi, a mayar musu da mai gudu. Kawu, in ka shigo Birni ka biyo ta Badariya bayan Isha'i, fad na biyu naka ne, ka zo ka yi musu bayani da kanka.