Musayar Waƙa a Kan Furen Ɗunɗu

Ɗan Makiyayi:
Jiya na kora awaki daji tun da safiya,
Na iske ɗunɗu ya yi huda a tsakanin ƙaya.
Furensa na reto kamar tuntun hula, Yaya,
Sama ruwan hoda, ƙasa kuwa rawaya.
Launi biyu a jiki guda, ga tambaya:
Wanne ke haihuwa, wanne ne juya?

Malamin Gona:
Ƙanena, tsinko shi ka duba, ido ba ya ƙarya,
Taron furanni ne suka hau kara ɗaya.
Na saman nan masu dogon zare kamar tsintsiya,
Su ne ruwan hodar, kuma ba sa yin 'ya'ya.
Na ƙasa gajeru ne, a cunkushe, ba kwalliya,
Kowanne da zare 10 masu gari, macen na tsakiya.

Af, sunansa na kimiyya, Dichrostachys, ma'anarsa ke nan: zangarniya mai launi biyu.

Goggo:
To, ashe mai adon nan hoto ce, ba amarya!
Kwana kaɗan ta koɗe, ta yi fari, abin dariya.
Ni da ɗunɗu ba ma shiri, ya yaga min zane a hanya,
Ranar da na je itace, na dawo gida da kunya.

Malamin Gona:
Goggo, a sassauta mata, 'yar talla ce gwana, ta iya,
Ita ke yafuto ƙudan zuma daga nesa, ba ko murya.
In ya sauka, rawayar ta shafa masa gari a baya,
Ya kai wa furen gaba, daga nan a sami ƙwaya.

Ɗan Makiyayi:
Ku yi ta gardamarku, ni na tambayi akuya,
Ta ce rani take jira, kwanson ya murɗe kamar igiya,
Curi guda, ya bushe ya faɗo, su ci ita da tunkiya.
Sandata ma ta ɗunɗu ce, ta fi ƙarfin karaya.

Malamin Gona:
An kai shi ƙasar Kuba, ya cinye musu filin kiwon saniya,
Marabu suke ce masa, ya zame musu ƙarfen wuya.
Ka sare shi yau, saiwarsa ta tofo daga baya.

Goggo:
Ka ji ba! Har ƙetare an shaide shi da tsiya.
Malam, na ji batun talla. Zanena fa, wa zai biya?