“Yaro” aka kawo mana? Muhawarar magoya baya kan zuwan koci Amorim Manchester United, wadda aka yi a Nuwamban 2024

Kawu: Jama'a ku yi haƙuri, yau sai na fitar da abin da ke cina. Tun ranar 1 ga Nuwamban 2024 da aka sanar da Ruben Amorim a matsayin sabon kocin United nake jiran wani ya yi magana, amma kowa sai murna kamar an ɗauko kofi. Yau da na ga har kocin riƙon ƙwarya Ruud van Nistelrooy an sallame shi, mutumin da ya riƙe mu wasa huɗu ya ci uku ya yi canjaras ɗaya, sai raina ya ƙara ɓaci. Shugabannin nan a watan Yuli suka ƙara wa tsohon koci Ten Hag kwantiragi zuwa 2026, suka sayo masa Zirkzee da Yoro da De Ligt da Mazraoui da Ugarte. Ko wata huɗu ba a yi ba suka kore shi, washegarin da West Ham ta ci mu 2-1, muna na 14 a tebur. Yanzu sun biya ƙungiyar Sporting ta Fotugal wajen yuro miliyan 11 sun ɗauko mana yaro wanda ba ya wasa sai da 'yan baya uku, a tsakiyar kaka, su damƙa masa 'yan wasan da aka tara don wasan baya huɗu. Ciwon United ba a benci yake ba, a sama yake. Tun da Ferguson ya tafi a 2013, Moyes da Van Gaal da Mourinho da Solskjaer da Ten Hag duk ta ƙofa ɗaya suka fita. Masu ɗauko su fa, wa ke korar su?

Auta: Kawu, wa kake ce wa yaro? Mutum mai shekara 39?

Yaya: Ni ma nan na tsaya. Duk bayanin ya tafi daidai sai da ka zo kan kalmar nan. Mutumin da ya ci wa Sporting gasar Fotugal a 2021, bayan sun yi shekara 19 rabonsu da ita, ya sake ci a 2024, shi ne yaro? Haba Kawu.

Kawu: Ƙanwata, ba kan shekarunsa nake magana ba. Ku koma ku karanta abin da na ce game da shugabanni.

Auta: Ai kai ka rubuta “yaro” da hannunka, ba mu muka sa maka ba.

Malam: A yi lissafi dai. Amorim an haife shi a Janairun 1985, Cristiano Ronaldo a Fabrairun 1985. Ke nan ya girmi Ronaldo da 'yan kwanaki, kuma tare suka je Gasar Kofin Duniya ta 2010 da ta 2014. Ban taɓa jin wani a nan ya ce wa Ronaldo yaro ba, tsoho ma ake ce masa.

Ɗan Chelsea: Malam, wannan misalin naka Kawu yake taimaka wa. Idan sa'ansa har yanzu yana cikin fili yana gudu, to shi a wajen masu horarwa yaro ne. Shekarar ɗan wasa daban, shekarar koci daban. Tom Heaton da ke bencinku yana da 38. Da wane ido zai kalle shi?

Yaya: Da idon da 'yan wasan Barcelona suka kalli Guardiola a 2008. Shekararsa 37 a lokacin, kuma a kakarsa ta farko ya haɗa kofi uku, har da wanda ya ci mu 2-0 a Roma. Ina jin zafin wasan nan har yau, amma gaskiya gaskiya ce.

Kawu: Guardiola ɗan gida ne, a Barcelona ya tashi, kuma Messi da Xavi da Iniesta ya tarar. Amorim wa zai tarar? Wannan ita ce tambayata tun farko. Wa zai tsaya masa a gefe ya hau ya sauka minti 90? Garnacho zai koma tsaron baya? Rashford a ina za a ajiye shi?

Auta: Kawu kana zamewa. Ka janye kalmar tukuna, sannan mu zo kan Rashford.

Kawu: Ba zan janye ba. Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Ranar Lisbon daban, ranar Old Trafford daban. A Fotugal ƙungiya uku ce ke juya gasar, Benfica da Porto da Sporting. A Ingila ta ƙasan tebur ma sai ta sa ka zubar da hawaye.

Malam: To Ferguson ɗin da kake ambata, shekararsa 44 da ya zo a Nuwamban 1986. Tsakanin 39 da 44 shekara biyar ce kacal. A ina yarinta ke ƙarewa, a 40 ko a 43? Ka faɗa mana iyakar mu sani. Matt Busby ma bai kai 40 ba da ya karɓi United a 1945.

Kawu: Ferguson kafin ya zo sai da ya doke Real Madrid a wasan ƙarshe na Turai da Aberdeen a 1983. Wannan ba ya zuwa da ƙuruciya.

Auta: Shi kuma Amorim ranar 5 ga Nuwamba ya lallasa Man City 4-1 a Gasar Zakarun Turai, ɗan wasan gaban Sporting Gyökeres ya ci uku rigis. Yaushe rabon da mu mu zura wa City huɗu? Wasa 11 ya buga a gasar Fotugal bana, duka ya ci. Na ƙarshen ma Braga ta fara cin su biyu, suka farke suka tashi 4-2. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ɗan Arsenal: Wace City? Wadda ba Rodri? Tottenham ta ci su, Bournemouth ta ci su, Brighton ta ci su, duk a 'yan kwanakin nan. Kowa ya samu City yanzu duka yake. In haka ne ku ɗauko kocin Bournemouth mana.

Yaya: Kai kuma wa ya sako ka? Kocinku shekararsa nawa da kuka ɗauke shi a 2019? 37, kuma bai taɓa jan ragamar wata ƙungiya ba. In Amorim yaro ne, Arteta me za a kira shi?

Ɗan Arsenal: Yaya, ni ban ce yaro ba, Kawu ya ce. Kuma Arteta ya ci Kofin FA a 2020, ya kai mu na biyu sau biyu a jere. Mun ba shi lokaci. Ku kuna da wannan haƙurin?

Ɗan Chelsea: Na biyu ba kofi ba ne. Tun 2004 kuke wannan haƙurin. Ni dai abin da zan faɗa wa 'yan United, mun taɓa shan irin wannan. A 2011 muka biya Porto maƙudan kuɗi muka ɗauko Villas-Boas, shekararsa 33, ya ci gasar Fotugal ba a doke shi ko sau ɗaya ba, ya haɗa da Europa. Ko kaka ɗaya bai kammala ba aka kore shi a Maris, manyan 'yan wasa sun fi ƙarfinsa. Di Matteo na riƙon ƙwarya shi ya ɗauko mana Kofin Zakarun Turai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Da ni ne ku, Ruud zan bari.

Malam: Ka ambaci Villas-Boas ka tsallake Mourinho. Shi ma daga Porto kuka ɗauko shi a 2004 yana da 41, ya ci muku Firimiya biyu a jere. Me ya sa ka zaɓi wanda ya faɗi kaɗai?

Ɗan Chelsea: Saboda Mourinho da Kofin Zakarun Turai a hannu ya zo. Wannan da me ya zo?

Kawu: Ga shi dai kun yi nisa, ba wanda ya taɓa maganata. Ina cewa a tsakiyar kaka za a sauya tsarin wasa gaba ɗaya, wasa kowane kwana uku, ga Europa ga Carabao, yaushe zai samu filin koya musu?

Ɗan Chelsea: Wannan kam ana yi. Conte ana cikin kaka ya koma baya uku a 2016, muka ci wasa 13 a jere, muka ɗauki kofi da maki 93.

Ɗan Arsenal: Faɗa musu dalilin da ya sa ya sauya. Mu muka yi muku 3-0 a Emirates. Kuma a ƙarshen kakar mu muka hana ku Kofin FA, 2-1 a Wembley.

Ɗan Chelsea: Wasan ƙarshe na Europa a Baku, 2019, mun ci ku 4-1. Kofin Zakarun Turai biyu ke gidanmu, 2012 da 2021. Ku nawa?

Ɗan Arsenal: Kofin kuɗin Abramovich, mai ƙungiyarku a lokacin. Mu kaka guda muka yi ba a ci mu ba, ku je ku sayo wannan.

Ɗan Chelsea: Shekara ashirin kuna cin abinci da labari ɗaya.

Shugaba: Ku biyun nan ku dakata. Maganar United ake yi.

Auta: Ni abin da ya fi ba ni tabbaci, kyaftin ɗinmu Bruno Fernandes yaronsa ne tun a Sporting, sun san juna. Kyaftin na tare da shi, sauran dole su bi.

Malam: A'a Auta, nan ka yi kuskure. Bruno ya bar Sporting a Janairun 2020, Amorim ya isa can a Maris. Ba su haɗu ba. Ugarte ne ya yi wasa a ƙarƙashinsa kafin PSG ta saye shi.

Auta: To Ugarte ɗin ma ai namu ne. Kuma na ji an ce Gyökeres zai biyo shi a Janairu.

Malam: Wa ya ce?

Auta: Ana ta faɗa.

Kawu: Kun gani ko? Wanda bai san ma lokacin da kyaftin ɗinsa ya zo ba shi ke koya mini ma'anar yaro. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Auta: Au, yanzu ni ne yaron? Ashe dama da ni kake tun farko. Kawu ina ganin girmanka, amma duk lokacin da na yi magana sai ka kawo shekaru. Da na ce a sayar da Antony haka ka ce mini, ban san ƙwallo ba. Sama da fam miliyan 80 aka zuba a kansa, yau ina yake?

Kawu: Ban taɓa kare Antony ba.

Auta: Ka kare shi. Kowa a nan shaida ne.

Yaya: Na tuna ka ce a ba shi kaka biyu, Kawu.

Kawu: A ba mutum lokaci daban, kare shi daban. Ni daren 1999 ina zaune na ga Sheringham da Solskjaer sun ci Bayern a mintunan ƙarshe. Kai a lokacin kana ina? Ba za ka zo ka auna mini son United ba.

Auta: Ba wanda ya zaɓi ranar haihuwarsa. Ku kun ci daɗin Ferguson, mu wahalar muka tarar kuma ba mu gudu ba. Wa ya fi wani so a nan?

Yaya: Wannan magana ta Auta ta shige ni. Kawu, ka yi masa adalci. Kuma kai da ka ce a ba Antony kaka biyu, Amorim ko wasa ɗaya bai buga ba ka yanke masa hukunci. Ferguson sai 1990 ya ci kofin farko, gasar kuwa sai 1993. Da irinku ne a sama da tuni an kore shi.

Kawu: To ai abin da nake faɗa ke nan, na sama ba za su ba shi ba! Moyes kwantiragin shekara shida aka ba shi, wata goma ya yi. Van Gaal kwana biyu da ɗaga Kofin FA aka sallame shi.

Malam: Akwai abin da ba ku lura ba. A sanarwar ba a kira shi manaja ba, babban koci aka ce, kuma shi ne na farko da United ta ba wa wannan suna. Ma'ana cinikin 'yan wasa na hannun shugaban gudanarwa Berrada da daraktan wasanni Ashworth, shi nasa horarwa.

Ɗan Arsenal: Ka ga ke nan su ma sun san yaro ne, shi ya sa ba su ba shi makullin duka ba.

Yaya: Slot ma babban koci ake ce masa a Liverpool, ga shi a saman tebur. Shi ma yaro ne?

Ɗan Chelsea: Slot 46 gare shi.

Malam: Mun dawo ke nan. Ina iyakar? 40 ko 45?

Kawu: Ni na gama. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mu haɗu a Ipswich ranar 24.

Auta: Ka tafi ba ka janye ba.

Shugaba: To, dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda kalmar “yaro” ba ta dace da Amorim ba, kuma Malam da Yaya sun kawo hujjojin da ba wanda ya iya rushewa: Ferguson 44, Guardiola 37, Mourinho 41. Mutumin da ya ci gasar Fotugal sau biyu ya kuma zura wa Guardiola huɗu ya wuce a raina shi, kuma duk wanda ya kalli wasan nan na City ya san abin da muka samu. Ni tun bara nake cewa shi ya kamata a kawo. Misalin Villas-Boas ban ɗauke shi ba, don daga bakin ɗan Chelsea ya fito, kuma mun san ba alheri yake nufin mu da shi ba. Shi da ɗan Arsenal sun cinye mana rabin lokaci da rigimar da ba tamu ba, nan gaba zan riƙa goge irin wannan. Kawu babba ne, muna girmama shi, amma a ganina zafin sallamar Ruud ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, kuma ya kamata ya ba Auta haƙuri. Maganar shugabanni da ya kawo a farko kuwa tsohon zance ne, Ratcliffe, wanda ya sayi hannun jari a United, bai yi ko shekara da shigowa ba, ba yanzu za a tuhume shi ba. An ba Amorim kwantiragi har Yunin 2027, wasansa na farko Ipswich ne a waje ranar 24 ga Nuwamba, kuma ni na ba mu 3-0.