Wa ya raɗa wa "bayoloji" suna?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ɗana, ɗan aji ɗaya a babbar sakandare, yana bitar darasi sai ya ɗago ya ce, "Mama, mece ce ma'anar bayoloji?" Ni da na bar makaranta shekara ashirin, abin da na tuna kawai zanen kwaɗo da tsiron wake. Na ce masa ilimin halittu ne. Ya ce, "To ai dutse ma halitta ne, me ya sa ba ma karanta shi?" Wallahi yaron nan ya ƙure ni. Masu sani, ku taimaka.

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ɗanki ya yi tambayar manya. Kalmomin Girkanci biyu aka haɗa: bios, wato rayuwa, da logos, magana ko bayani. Amma fa Girkawan da can ba su san wannan haɗin a matsayin sunan wani fannin ilimi ba. Aristotle, babban masaninsu, ya yi ta feɗe kifaye da sauran dabbobin ruwa a tsibirin Lesbos sama da shekara 2,300 da suka wuce, bai taɓa kiran aikinsa da wannan suna ba. Sai a 1802 mutum biyu suka sa kalmar a littattafansu, kowa da kansa: Treviranus, likita a birnin Bremen na Jamus, da Lamarck a Faransa. Ta ɗan ɓulla a rubutun wasu Jamusawa kafin nan, amma su biyun ne suka ba ta gindin zama.

Ga abin da nake jin daɗin faɗa wa ɗalibaina lokacin ina riƙe da alli. Girkawa kalmomi biyu gare su, kamar mu. Zoe shi ne rai, bios kuwa rayuwa, yadda mutum ya yi zamansa a duniya. A ganina rai ya fi dacewa da wannan fanni, sai dai masu nazarin dabbobi sun riga sun kama wancan tushen da kalmar zuwoloji.

Ɗan Zaure:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni dai a batun dutse ina bayan yaron. Halitta daga Larabci muka aro ta, kuma ta haɗa duk abin da Allah ya yi, har rana da wata. Su Larabawan ilmul ahya'i suke cewa, ilimin rayayyu, ka ga ba su bar ƙofar gardama ba. Mu ne muka gajarta, da mun ce ilimin halittu masu rai da magana ta ƙare.

Maman Khalifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta masa duka, har ya kwafe sunan Lamarck a bayan littafinsa. Yanzu kuma wai in tambayi Malam, ƙwayar bairos mai rai ce ko marar rai? Na ce ya bari sai ya ci tuwo.