Kora Aka Yi Ko Yaji?

Hajiya Zainabu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mijin ƙanwata ya doke ta har idonta na hagu ya kumbura ya rufe, sannan ya kore ta da tsakar dare. Da muka kai ƙara wurin 'yan sanda a nan Garwa, sai aka ce mu koma gida a yi sulhu. Ni dai na ce babu dokar da ke kare matar aure a Kamaru.

Malam Bello: Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, amma ki daina cewa kora. Mace in ta ja mayafinta ta fita da ƙafarta, yaji ta yi, kuma maganin yaji biko ne.

Yaya Amina: Malam, wadda aka watso wa kwanukanta da akwatinta waje ita ce ta yi yaji? Sashe na 358-1 na dokar laifuka ta 2016 ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 1 ga wanda ya fitar da matarsa daga gidan aure ba tare da dalili ba.

Malam Bello: Kina wurin ne aka watso kwanukan?

Sani: Iyayena, ku gafarce ni. Gaskiya ne babu doka ta musamman a kan dukan mata, sai dai duka laifi ne ko wa aka doka. Raunin da ya hana aiki fiye da kwana 8 yana ƙarƙashin sashe na 281, wanda ya wuce kwana 30 kuma na 280, shi ya sa takardar likita take da muhimmanci, kuma ana iya rubuta ƙara kai tsaye ga mai gabatar da ƙara.

Baffa Hamadu: Yaro, bar mana lambobinka. Tun kaka da kakanni, yaji a zauren mai unguwa ko fadar Lamido ake kashe shi.

Yaya Amina: Baffa, ai kowa ya san ku dangin miji kuke karewa.

Baffa Hamadu: Ke 'yar Marwa ce, ina ruwanki da gidajen Garwa?

Alhaji Musa, shugaban zaure: To, a tsaya nan. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu sun yarda yaji ne, don haka manya su je biko. Amina kuma ta ba Baffa haƙuri.