Neman shawara kan na'urar tace ruwa a tsohon gida

Assalamu alaikum. Gidanmu tsohon gini ne a cikin birni, kuma bututunsa na ƙarfe ne tun na asali. Mun sa na'urar tace ruwa a bakin babban bututun da ke shigowa gidan, mai sashen tace laka da kuma sashen da ke tace ruwa da gawayi. Warin kulorin, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya ragu, sai dai ƙarfin ruwan ya faɗi har ba ya hawa bene, kuma ruwan farko na asuba yana fitowa ja-ja, yana barin tabon tsatsa a baho. Shin tsatsar daga bututun cikin gida take, bayan na'urar? Tsoron ko akwai dalma a cikin ruwan ne ya fi damuna, saboda akwai ƙananan yara. Don Allah masana, sai an canza bututun gaba ɗaya ne, ko ƙaramar na'ura a famfon kicin za ta wadatar?