Neman shawara: gwiwar Inna ta ƙi, kowa da maganin da yake kawo mana

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan mahaifiyata, shekarunta 63, muna nan Tawa. Shekara uku ke nan gwiwoyinta na ciwo, ta dama ta fi tsanani. Da asuba sai ta dafa bango kamar minti goma kafin ƙafar ta saki, in ta durƙusa kuwa kana jin ƙas-ƙas daga inda kake zaune. An yi radiyo, lokotoro ya ce artaroz ne, guringuntsin ya cinye. Tana da tansiyo da ɗan suga, nauyinta kilo 88. Ƙanwata ta aiko gulukozamin daga Yamai, maƙwabciya ta ce gangamau, wani ya ce kolajen ko romon ƙafar saniya. Akwai kuma wasu kafso na kwalba da muke saye a kasuwa, an ce zallar itatuwa ne. Wanne za mu riƙe, wanne za mu bari? Kuɗi na ta tafiya.

Mai farmasi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Malam, ka fara ajiye wannan a ranka: babu ƙwayar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya cinye. Iyakar abin da ake fata shi ne ragin ciwo, shi ma kaɗan.

Gulukozamin da kondoroyitin, ƙwayoyin da ake sayarwa don ciwon gaɓoɓi, su ne aka fi bincika. A 2006 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka mai suna GAIT, mutum 1,583 masu ciwon gwiwa, wata shida. A jimlace, waɗanda suka sha su ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki samun sauƙi ba ta yadda za a dogara. Faransa ta daina biyan kuɗinsu a inshorar lafiya tun 2015 saboda amfanin bai taka kara ya karya ba. Duk da haka akwai masu cewa sun ji dama, kuma ba ƙarya suke ba.

Mai son gwadawa, ga ƙa'ida. A duba kwali a ga an rubuta gulukozamin sulfate, miligiram 1,500 a yini, tare da abinci. Kondoroyitin kuma 800 zuwa 1,200 a yini. Ba ya aiki kamar parasetamol, sai an yi sati shida zuwa takwas. Abu ɗaya ake gwadawa a lokaci guda, in an haɗa huɗu ba za a san wanda ya yi aiki ba, ba kuma za a san wanda ya ɓata ciki ba. Duk Juma'a ka tambaye ta ciwon ya kai nawa cikin 10, ka rubuta. Wata uku babu bambanci, a tsaya, a huta da ɓarnar kuɗi.

Sai dai ga Inna akwai tangarɗa. Hukumar lafiyar abinci ta Faransa, ANSES, ta yi gargaɗi a 2019 cewa masu suga, masu asma, masu shan maganin tsinka jini da masu juna biyu su guji waɗannan. Wasu kuma da gishiri ake haɗa su, abin da mai tansiyo ba ya so. Yawancin gulukozamin daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake fitar da shi, wanda jikinsa ba ya karɓar waɗannan ya kiyaye. Kada ta fara sai lokotoron da ke duba sugarta ya gani.

Hajiya ta Yamai:
Zan ɗora a kan gangamau, wanda wasu ke kira kurkum. Abin da ke aiki a cikinsa, kurkumin, wajen kashi uku ne cikin ɗari na garin. Ƙaramin cokali ɗaya ba zai ba ka fiye da miligiram 100 ba, alhali gwaje-gwajen da suka nuna ragin ciwo da tataccensa aka yi, wajen 1,000 zuwa 1,500 a yini, kuma na ɗan gajeren lokaci ne, wata biyu ko uku. To na miya da na shayi ba laifi, ta sha abinta, ta haɗa da citta ma, amma kada a sa rai da yawa.

Kafson da aka tace aka haɗa da masoro shi ne abin lura. Masoro na sa jiki ya zuƙe shi sosai, kuma an samu mutanen da hantarsu ta taɓu, musamman a Italiya a 2019. In ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko jiki na ƙaiƙayi, a tsaya nan take, kada neman shawara ya koma ciwon shawara. Mai tsakuwa a matsarmama kuwa ba nasa ba ne sam.

Kolajen da romon ƙafar saniya: ciki ne ke narkar da su kamar kowane nama, ba sa zarcewa gwiwa su like. Romon abinci ne mai daɗi, amma kitse da gishirinsa ba su dace da mai kilo 88 da tansiyo ba. Kalsiyum na raunin ƙashi ne, ciwo daban. Bitamin D sai in awo ya nuna ta rasa.

Mai farmasi:
Ɗan Adar, na koma kan tambayarka. Kafson kasuwar nan, tun yaushe take sha, kuma yaya ta ji?

Ɗan Adar:
Wata biyar yanzu, biyu a yini. Gaskiya su ne kaɗai suka yi aiki, kwana biyu da farawa ta miƙe. Har ta yi ƙiba, fuska ta cika, tana cin abinci sosai. In sun ƙare ne jiki ke mutuwa. Jika 3 kwalba.

Mai farmasi:
Subhanallah. Wannan ya fi duk sauran gaggawa. Babu itacen da ke kwantar da artaroz cikin kwana biyu. Abin da ka lissafa, fuska ta yi zagaye, yawan ci, jiki ya mutu in an tsaya, duk alamun kortizon ne, maganin kumburi mai ƙarfi, galibi dekizametazon, irin wanda ke cikin ƙwayar ƙiba ta sha-ka-fashe. Ana cusa shi a ɓoye, wani lokaci tare da maganin ciwo dikulofenak. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani mai suna Artri King da aka samu da waɗannan biyun, alhali kwalinsa gulukozamin da gangamau ya nuna.

Kortizon na hawar da suga da tansiyo, yana rarake ƙashi, yana sa fata ta yi laushi har ɗan bugu ya bar shaida. Dikulofenak kuma na cin ciki da ƙoda, balle a zafin Afrilu da Mayu ko cikin azumi, lokacin da jiki ke ƙarancin ruwa.

Amma kada ka ƙwace kwalbar yau. Bayan wata biyar jikinta ya rage yin nasa kortizon, yankewa farat ɗaya na iya kawo amai, jiri, faɗuwar jini, har suma. Gobe da safe ka ɗauki Inna da kwalbar ku je likita, babbar likitar jihar Tawa ko inda ake bin sugarta, kafin ta karya kumallo. A auna suga, tansiyo da aikin ƙoda. Ka faɗa wa lokotoro tsawon lokacin da adadin, shi zai tsara yadda za a rage sannu a hankali. In ka ga bayan gida baƙi kamar kwalta, kada ku jira goben.

Malamin kine:
Ni aikina gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki ne. Na goyi bayan wannan. Kuma ku shirya, ciwon zai dawo lokacin ragewa, don haka a tanadi abin da zai maye gurbi tun yanzu, in ba haka ba za ta aiki jika kasuwa a ɓoye.

Nauyi ne kan gaba. Duk kilo ɗaya da ya sauka, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. Daga 88, a yi nufin sauke kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida. Sukarin fura da na shayi, lemun kwalba da soye-soye ake fara taɓawa, a ƙara kopto na zogale da wake.

Sai naman cinya, wanda shi ne ke riƙe gwiwa. Ta kwanta rigingine a kan tabarma, ta lanƙwasa ƙafa ɗaya, ta miƙe ɗayar, ta ɗaga kamar taƙi guda, ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali. Sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Bayan sati biyu a ƙara tashi da zama daga kujera mai tsawo, sau goma. Ɗan ciwo lokacin yi ba komai, amma in ya kwana ya wuni ko gwiwar ta kumbura, a rage adadin. Tafiyar minti goma sha biyar da sanyin safiya a ƙasa mai ƙarfi, yashi mai zurfi na wahalar da gwiwa. Sanda a hannun hagu, tunda dama ce ta fi ciwo. Nan mutane ke yawan kuskure, suna riƙewa a gefen ciwon.

Na shafawa ya fi na sha aminci ga mai shekarunta, jel ɗin dikulofenak sau uku a yini, in lokotoro ya ga ƙoda lafiya. Parasetamol kada ya wuce giram 3 a yini. Tramol na tebur kuwa kada ya shigo gidan.

Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe in sha Allah muna likita. Saura guda: sujada da shiga ban ɗaki su suka fi ba ta wuya.

Malamin kine:
Salla a kan kujera, malamai sun yi bayanin rangwamen ga mai lalura, ta tambayi limamin unguwa don hankalinta ya kwanta. Ban ɗaki kuma ka sa mai walda ya yi kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya, tsayinta daidai gwiwarta ko sama kaɗan, wajen santimita 45, da madafa a gefe biyu. A sa roba a ƙafafun don kada ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti.