Teburin kakana: na zamanin Sarauniya Biktoriya ne?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Na gaji tebur mai durowa huɗu, ƙafafunsa murɗaɗɗu, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Dillali ya ce itacen oak ne daga Ingila, aikin zamanin Biktoriya. Yaya zan gane?

Kafintan Marina: Ƙanena, zaro durowa ka duba haɗin kusurwa. Yankan hannu, alamar tsohon aiki, ba ya zuwa daidai wa daida. Sukuru mai kan gicciye kuwa bayan 1930 ya fito. Kamfanin Gillows, masu ƙera kayan katako a Ingila, a da yakan buga sunansa a bakin durowa.

Hajiyar Arkilla: Sarauniyar ta rasu 1901, Turawa suka ci Sakkwato 1903, wato sai bayan zamaninta suka shigo nan. Ɗana, kankare ƙasansa kaɗan. In ja ka gani, wataƙila maɗacinmu ne, dillalin la'ada yake nema.